Jirgi mara matuƙi: mai kyamara ko mai feshi?

Ɗan uwa, tunda ka tambayi wanne ya fi dacewa ka saya don yaƙi da ciyawa a gona, tsakanin diron mai kyamara da mai feshin magani, ɗauki mai kyamara kawai ka huta.

Ni Mavic 3 Multispectral nake tashi a gonar masararmu ta wajen Mangu. Kyamara 5 gare shi, ɗaya ta hoto irin wanda muka sani, 4 kuma suna kama hasken da ganye ke mayarwa har da wanda idon mutum ba ya gani. Shi jirgin hoto kawai yake ɗauka fa, manhajar kwamfuta ce ke haɗa hotunan su zama taswira, ta gane layin masara, duk koren da ya fito tsakanin layi ta yi masa alama. Bara sati uku da shuka na tashe shi da hantsi, sai ga wani tabo can ƙasan gona wajen rafi, inda rabona da takawa tun ranar shuka. Muka gangara, ashe jiji ne da tofa sun kafa gari abinsu. Yara biyu da famfon goyo suka gama da wurin kafin azahar, sauran gonar ko ɗigon magani ba mu zuba ba, wallahi ranar na ji daɗin kuɗina.

Sai dai ka tashe shi da wuri, masara na rufe kunya shi kenan ba ya ganin ƙasa. Wuta-wuta kuma kar ka ɗora masa, ita a saiwa take tsotso, kafin ta leƙo ta riga ta yi ɓarna.

Mai feshi kuwa, mun taɓa haɗa kuɗi mun sayi na hannu. Yana da sauri, ban musa ba, amma kullum muna dakon janareto saboda batir, yanzu yana sito yana shan ƙura.

Sannan ka yi hattara da 'yan kasuwa, a Jos ɗin nan akwai masu miƙo maka diron ɗaukar biki su rantse yana gane ciyawa. Ka ce a tashe shi a gona gabanka, a fitar da taswirar ka gani, a nuna maka sau nawa aka caja batirin. Ka tambayi takardun izinin NCAA, wato hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, in ya fara kame-kame ka kama hanyarka.