Kamfanin da ya haɗa mana firintoci da saba a Marwa

Ofishinmu da ke Marwa yana da kwamfutoci fiye da ashirin da firintoci uku, kuma a da duk wanda aka kawo wa sabuwar kwamfuta sai an bi shi da filas an sa masa direban firinta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki da firinta, da hannu. Shi ya sa muka ɗauko wani kamfani daga Garwa, muka ba su aikin ɗora firintocin a kan Windows Server da muke da ita, wato saba, babbar kwamfutar da sauran ke haɗe da ita, su raba su ta Group Policy, hanyar tura saiti zuwa kwamfutoci daga wuri ɗaya, yadda kowane ma'aikaci zai tarar da firintar sashensa da zarar ya shiga da sunansa. Kuɗin da suka karɓa kuwa, duk wanda ya taɓa hulɗa da irinsu ya san shi.

Da farko sun burge ni ƙwarai. Sun ba kowace firinta adireshin IP na dindindin, don haka muka huta da wahalar da ke biyo bayan ɗauke wuta, inda firinta ke dawowa da sabon adireshi, kwamfutoci su yi ta lalubenta. Sun kuma mayar da girman takarda zuwa A4 tun daga saba, maimakon Letter na Amurka da direban ya zo da shi, wanda shi ne yake sa firintar akanta ta tsaya tana ƙyafta jar fitila alhali tire cike yake da takarda. Har yabon su na yi a gaban shugabanmu.

Abin da ya ɓata mini rai ya faru ne a ƙarshen wata, ranar buga takardun albashi. Ashe sun sabunta direban babbar firinta a saba da daddare, daga nesa, ba tare da sun sanar da kowa ba. Da safe duk wanda ya danna bugawa sai akwati ya fito masa a allo yana tambayar ko ya amince da wannan firinta, daga nan ya nemi kalmar sirrin mai kula da tsarin, wadda ma'aikata ba su da ita, kuma bai kamata su same ta ba. Aiki ya tsaya cak, direbobin motocinmu da masu gadi suna tsaye a baranda cikin zafin Marwa suna jiran takardar da za su sa wa hannu.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga wanda ke cin abinci da sana'ar. Tun watan Agustan 2021, bayan ɓarakar tsaro da aka yi wa laƙabi da PrintNightmare, Microsoft ya canja tsarin Point and Print, wanda kwamfuta ke ɗauko direban firinta daga saba ta hanyarsa, ta yadda mai ikon gudanarwa ne kaɗai zai iya sa direban firinta ko ya sabunta shi. Da na samu injiniyansu a waya, sai ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, zan turo maka kalmar sirrin ta WhatsApp, ka bi su ɗaya bayan ɗaya." Haka na yini ina zagaya tebura, wato aikin da muka biya su don mu rabu da shi.

Gyaran da suka yi daga baya ya fi laifin muni. A rahotonsu na ga sun mayar da saitin RestrictDriverInstallationToAdministrators, wanda ke hana kowa sa direba sai mai ikon gudanarwa, zuwa 0 a kan dukkan kwamfutoci, ma'ana sun cire ainihin kariyar da aka sa saboda waccan ɓaraka, kamar wanda ƙofa ta yi masa tauri sai ya ɓalle ta gaba ɗaya. Hanyoyin kirki suna nan: ko a tura direban zuwa kwamfutocin tukuna kafin a taɓa saba, ko a koma sabon nau'in direbobi, wato Type 4, da suka zo tun Windows 8 da Server 2012, duk da cewa wasunsu ba su da zaɓuɓɓuka masu yawa kamar na tsohon nau'in, Type 3. Da na yi wa injiniyan wannan magana, amsarsa ita ce ai kowa haka yake yi. Sai da na rubuta wa shugabansu kafin suka mayar da kariyar.

Firintocin suna aiki yanzu, ba zan hana su wannan ba, kuma na so in ce a neme su amma a sa musu ido. Sai dai ina cikin wannan rubutu na tuna cewa a ɗakin ma'aikata sun raba firintar ne bisa kwamfuta ba bisa mai shiga ba, don haka ranar da ma'ajinmu ya zauna a tebur ɗin sakatariya, jerin albashin mutane ya fito a firintar da ke bakin ƙofa, inda baƙi ke zama. Har yau ba su gyara wannan ba, kuma takardar bayanin tsarin da suka yi alkawari ba ta iso ba.