Zogale, tsamiya ko alif: wanne ya kamata a saya don gyaran ruwan sha?

Duk wanda daga rafi ko kududdufi yake ɗebo ruwan shansa ya san yadda ake ajiye shi jawur ya kwana, gari ya waye bai gama kwantawa ba. Lakar cikinsa ta cika laushi, ba ta nutsewa da kanta sai an sa mata abin da zai tattara ta ta dunƙule ta yi nauyi. Aikin da 'ya'yan wasu itatuwa ke yi ke nan, amma fa ba ƙarfinsu ɗaya ba.

'Ya'yan zogale ne a kan gaba, kuma su zan ce ka nema. A cikin farar ƙwayarsu akwai wani sinadarin furotin da ke manne wa laka, ya ja ta ƙasa tare da ƙwayoyin cuta masu yawa da ke maƙale a jikinta. Matan ƙauyukan Sudan sun daɗe suna gyara ruwan kogin Nilu da su, kuma rubuce-rubucen wata mai bincike, Samia Al Azharia Jahn, a shekarun 1980 sun taimaka wajen sanar da duniya wannan dabara.

Wajen saye ne mutane suka fi yin kuskure. Nemi 'ya'yan da suka bushe a kan bishiya, ɓawonsu ya yi duhu, da fukafukansu uku masu kama da takarda. Fasa biyu ko uku a gaban mai sayarwa. Idan ƙwayar fara ce tas, mai tauri, saya. Idan ta yi baƙi, ta yi taushi, ko tana warin tsohon mai, bar masa kayansa. Garin da aka riga aka niƙa yana rage wahala, sai dai ba ka san watanni nawa ya yi a ajiye ba, ga shi ƙarfinsa raguwa yake yi. Kada kuma a haɗa ka da koren gari: wannan na ganye ne, ba zai kwantar maka da laka ba. Tunkuzar da ta rage bayan an matse mai kuwa tana aiki sosai, domin sinadarin ba ya bin man.

Ma'aunin da aka saba shi ne ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya ta ruwa mai laka sosai, a rage idan lakar ba ta da yawa. A ɓare, a daka lukui, a kaɗa da ɗan ruwa mai tsabta, a tace da ƙyalle a zuba. A gauraya da sauri na minti biyu, a hankali na minti goma, sannan a bar shi awa ɗaya zuwa biyu ba a taɓa ba. Za ka ga dattin ya taru a gindin bokiti, saman ya yi garau.

Ƙwallon tsamiya da 'ya'yan gwanda da na kankana an gwada su a ɗakunan bincike, sun rage laka, amma ba su da tsayayyen ma'aunin gida irin na zogale, ga tsamiya da taurin daka. Nirmali, ƙwallon wata bishiya wanda mutanen Indiya ke gogawa a cikin tukunyar ruwa tun zamanin da, ba a samunsa sai inda yake fitowa.

Alif, wanda wasu ke kira alam, shi ne abokin gasa na gaske. Yana da sauri, yana jure ajiya, kuma ya fi zogale kama ruwan da lakarsa kaɗan ce. Amma idan hannu ya zarce sai ruwan ya yi bauri, ya ƙara tsami. Zogale ba ya sauya ruwa haka, kuma dattinsa ruɓewa yake yi a ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne a ga ruwa ya yi haske a ɗauka ya zama lafiyayye a ba yaro. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke kashe dukkan ƙwayoyin cuta, kuma ba sa cire gishiri ko gubar feshin gona. Ragowar zogale ma abinci ce ga ƙwayoyin da suka tsira, don haka a gyara na yini ɗaya kawai. Bayan an tsiyaye saman, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa kulorin a jira rabin awa, ko a shanya shi awa shida cikin rana mai ƙarfi a gorar roba garau wadda ake ganin cikinta.

Kafin ka sayi mai yawa, sayi cikin tafin hannu tukuna. Cika gora biyu da ruwan da kake sha, sa zogale a ɗaya, bar ɗayar haka, ka dawo bayan awa biyu ka ɗaga su ga haske.