Na biya kuɗin koyon harbi, aka miƙo mini bindigar katako

Duk wanda ke zauren WhatsApp na masu POS a Gombe ya ga tallan nan da aka yi ta yawo da shi bayan ƙaramar salla: hannu riƙe da fistol, an rubuta a ƙasa wai a zo a koyi kare kai cikin Asabar huɗu. Na je, na biya, na gama. Tunda har mutum uku sun kira ni suna tambayar ko su ma su biya, gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

Abin da ya kai ni kun san shi. Na rufe shago bayan isha'i, na biyo wani lungu ta wajen Bolari, yara biyu suka sha gabana, ɗaya da wuƙa ɗaya da adda. Suka tafi da jaka, na'ura biyu da cinikin ranar kaf. Ko ƙwarzane ba su yi mini ba, amma na yi makonni zuciyata tana raya mini cewa da akwai ƙarfe a ƙuguna da 'yan Kalaren nan sun gane kurensu. Da wannan zuciyar na tura kuɗin da aka sa a tallan, wanda ko uwargida ban faɗa mata adadinsa ba.

Asabar ta farko mu goma sha huɗu ne, a filin wata makarantar kuɗi ta wajen Tumfure. An ce ƙarfe takwas, malamin bai iso ba sai tara da rabi. Tsohon soja ne, gajere, mai furfura, yana ɗan ɗingishi. Ya sauke wani buhu daga bayan babur ya zazzage mana: bindigogin katako ne, aikin kafinta, an shafe su da shuɗin fenti. Muka kalli juna. Wani mai sayar da waya ya ce, "Oga, ta gaskiyar fa, sai yaushe?" Ya dube shi ya ce, "Alhaji, ka zo da takarda daga shugaban ƙasa?"

Daga nan ya zaunar da mu a rana ya yi awa guda a kan doka. Ya ce dokar makamai ta 1959 kashi uku ta yi wa bindiga. Fistol tana kashin farko, layi ɗaya da makaman yaƙi, kuma lasisinta a hannun shugaban ƙasa yake. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu tana kashi na biyu, wannan Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da ita, kuma ita ma a 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ce an dakatar da ba da sabon lasisi. Ta uku ita ce bindigar toka ta maharba, wadda ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wanda aka kama da ta kashin farko ba izini, shekara 10 ce mafi ƙaranci. Har masu gadin kamfanoni da kuke gani a ƙofar banki, dokar 1986 ta hana su riƙe bindiga, shi ya sa sai kulki. Wani ya kawo zancen Zamfara, inda a 2022 gwamnati ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu. Oga ya ce, "To gwamna ne ke sa hannu a lasisin?"

Ni dai raina ya gama ɓaci. In haka ne, me ya kawo hoton fistol a tallan? Na sami yaron da ke karɓar kuɗi na ce a mayar mini da rabi, ya ce sai dai haƙuri, an riga an biya hayar fili. Na koma gida na ƙudurta ba zan sake takawa ba. Baƙin cikin kuɗina ne kawai ya mayar da ni.

Asabar ta biyu Oga ya sa na soke katakon a ƙugu ƙarƙashin riga, ya auna ƙafa 21, ya tsayar da wani saurayi da guntun alli a hannu a matsayin wuƙa. Ya ce wani ɗan sandan Amurka ne ya gwada wannan a 1983, ya ga mai wuƙa yana cinye tazarar cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Na ce a raina tatsuniya. Sau biyar muka yi, sau biyar ina kokawa da gefen kaftani yaron ya zane mini ƙirji da alli. Waɗanda suka tare ni a lungu kuwa ko taku uku babu tsakaninmu. Ban ji daɗin wannan darasi ba, don a gaban mutane aka yi ta dariya, amma na kwana ina juya shi.

Sauran ranar ya sa mu maimaita karatu kamar 'yan firamare: kowace bindiga da harsashi a cikinta, kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya rasawa ba, yatsa ba ya shiga wajen kunama. Da katako fa! In ka juya ka yi magana da na kusa da kai bakin katakon ya bi ta kansa, sai ya ƙwace ya ce ka zagaya fili. Ni da 'ya'yana huɗu na zagaya filin nan sau biyu, ina tsine wa wanda ya turo mini tallan.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan.

Asabar ta uku, wajen sha ɗaya da rabi, aka ba mu hutu. Muna raɓe a inuwar katanga muna shan ruwan leda. Akwai wani matashi a cikinmu, ɗan gayu, kullum da sabuwar shadda, shi ya fi kowa ƙorafin katako. Sai kawai ya ɗaga riga ya zaro fistol ƙirar gida, baƙa, an naɗe mariƙinta da roba. Yana dariya ya ce, "Oga, tunda kai ba ka da ita, ga tawa ka koya mana da ita." Yana magana yana nuni da ita, yadda mutum ke yi da waya a hannu. Bakinta ya bi ta kan mai sayar da waya, ya bi ta kan wani malamin makaranta, ya zo ya tsaya saitin cikina. Yatsansa yana kan kunama, da idona na gani. Wani ya ce kai, kai, kai. Ya ce, "Haba, ba komai a ciki, jiya da kaina na cire."

Oga yana can gefe yana ɗaure igiyar takalmi. Mutumin da ke mana tsawa a kan katako, wannan karon ko ɗaga murya bai yi ba. Ya miƙe a hankali ya ce, "Ɗana, tsaya yadda kake. Kada ka juyo ka kalle ni. Fitar da yatsanka waje. Yauwa. Yanzu sunkuyar da bakinta ƙasa, wajen tulin yashin can." Mu kuma ya yi mana alama da hannu mu koma bayansa. Wallahi ƙafata ƙin ɗaguwa ta yi, sai da malamin makarantar nan ya fizgo rigata. Oga ya zagayo ta bayan yaron, ya ɗora hannu a kan nasa, ya karɓe ta, ya juya mana baya ya karya ta.

Jan harsashi ya faɗo kan yashi. Irin na bindigar farauta, mai dalma da yawa a ciki.

Babu wanda ya yi magana. Ledar ruwan da ke hannuna na matse ta har ta jiƙa mini wando ban sani ba. Yaron ya hau rantsuwa yana cewa ya cire, wallahi ya cire, sai dai in ƙaninsa ne ya mayar. Oga ya ce, "Na yarda ka cire. Duk wanda na taɓa ɗauka a ƙasa an harbe shi bisa kuskure, wanda ya harbe shi haka yake rantsewa." Ya nuna mana bututun, ƙarfen famfo ne aka yi wa walda, ya ce irin wannan in ta ga dama a hannun mai ita take fashewa. Sannan ya sallame mu, ya sa yaron ya kira mahaifinsa, ya ce daga nan ba inda za a kai ta sai wajen 'yan sanda. Na baro su zaune a kan benci, yaron ya haɗa kai da gwiwa. Da na hau Keke Napep sai da na ce wa direba ya ɗan tsaya, jikina ke rawa.

Da a ranar na rubuta sharhin nan, cewa zan yi kowa ya sayar da abin da yake da shi ya je. Dattijon nan ya san aikinsa, kuma zagayen filin da ya sa ni na yafe masa duniya da lahira.

Amma fa da na natsu sai wata tambaya ta taso mini: yaya aka yi mutum ya shigo da bindiga mai harsashi wurin da ake koyar da tsaro, ba wanda ya laluba shi a ƙofa? Ko ɗaurin aure yanzu ana sa masu caje. Masu shirya abin suna can suna ƙirga kuɗi. Kuma wa ya kwaɗaita wa yaron? Hoton da suka sa ne. Ka tallata fistol, ka tara mutanen da aka yi wa fashi ransu na tafasa, sannan ka yi mamakin wani ya zo da tasa.

Asabar ta huɗu ce ta ƙarasa zubar musu da mutunci a idona. An yi alkawarin ma'aikacin jinya zai zo ya koya mana tsayar da jini, abin da na fi sa rai a kai, tunda mu sara da suka ne matsalarmu. Bai zo ba. Oga ne ya yi ta maneji da rawani da guntun sanda, ya yi iya yinsa cikin minti ashirin. Rumfa babu, a zafin Gombe. Mata biyu da suka fara da mu, ɗaya tun Asabar ta biyu ta daina zuwa, don babu mace mai koyarwa kuma atisayen na riƙe-riƙe ne. Satifiket sai da aka sake karɓar wani kuɗin, aka kuma rubuta sunan mahaifina ba daidai ba.

Wanda ya fi ƙona mini rai, muna fita yaron nan mai karɓar kuɗi ya ja ni gefe, ya ce, "Yallaɓai, in kana son lasisi akwai fom, muna da mutum a Abuja." Bayan duk abin da Oga ya faɗa a Asabar ta farko, a filin nan, shi ma yana tsaye yana ji! Na ce masa ya je ya maimaita a gaban Oga. Ya sosa ƙeya ya wuce.

To masu tambaya, ga amsarku. In harbi kuke nema, ko ƙarar harsashi ba za ku ji ba, kuma duk wanda ya ce zai ba ku fistol ku harba a bayan gari, ku tambaye shi takardarsa kafin ya ja muku shekara 10. In za ku iya jure rana da tsawar tsohon soja, shi kam ya ci kuɗinsa, sai dai ku tabbatar shi ɗin ne zai koyar, kuma kada ku biya duka sai kun ga ma'aikacin jinyar da idonku. Ni yanzu kafin magariba nake rufewa, kuɗi kuma tun la'asar nake rage su, na daina bin lungun nan, kuma tare muke tashi da maƙwabcina mai cajin waya. Duk shawarar Oga ce, a tsaye ya ba ni ita muna jiran a buɗe ƙofa.

Jiya na ga sun sake turo tallan zagaye na biyu, da hoton fistol ɗin nan dai. Na rubuta musu a zauren cewa su cire shi, su sa mai caje a ƙofa, su kuma gyara mini sunan mahaifina. An karanta, har yanzu shiru.