Odar mota daga gwanjon Amurka: farashin da ɗan oda ke faɗa da wanda aljihu ke biya

Hidimar da 'yan odar mota ke tallatawa a Facebook da WhatsApp ba ta da wuyar ganewa. Ka zaɓi mota a gwanjon Copart ko IAAI na Amurka, su ci maka ita, su ɗora ta a jirgin ruwa, su fito da ita daga tashar Tin Can a Legas, su miƙa maka makulli a Kano ko Kaduna ko Abuja. Hidimar tana aiki, kuma ana samun motoci masu lafiya ta wannan hanya. Inda gizo ke saƙa shi ne farashin da ake jawo mutum da shi. Hoton Camry da aka rubuta wa dala 5,000 ba ƙarya ba ne, amma wannan kuɗin cin gwanjo ne kawai. Kafin motar ta taka ƙofar gidanka, a mota ta talakawa, sau da yawa sai kuɗin ya ninka har ya ɗora.

Caji na farko yana faɗowa tun motar ba ta motsa daga filin gwanjo ba. Kamfanin gwanjo yana karɓar la'adarsa daga mai saye gwargwadon farashin da aka ci, ga kuɗin tayi ta intanet, ga kuɗin fitar da mota daga ƙofa. A motar dala 5,000 waɗannan kan tashi ɗaruruwan daloli, har su doshi dubu. Idan ɗan odarka ba shi da lasisin dillanci a can, sai ya bi ta hannun wani dillali mai lasisi, shi ma ya yanki nasa. Kwanakin biya kuma ƙalilan ne. Idan canjin naira zuwa dala ya ɗauki lokaci, tarar jinkiri ta hau, kuɗin ajiya kuma ya fara ƙirga kullum. Ɗan oda na ƙwarai yakan nemi kuɗin su zauna a hannunsa kafin ranar gwanjo saboda wannan, kuma a nan yana da gaskiya.

Sai ɗauko ta zuwa bakin ruwa. Jiragen da ke zuwa Legas suna lodi ne a tashoshin gabas da kudancin Amurka, irin su Baltimore da Newark da Jacksonville da Galveston. Motar da ke Maryland ko New Jersey kuɗin janta kaɗan ne. Wadda ke California ko can arewa maso yamma, ketare ƙasar kawai zai iya cinye ribar da ka hango. Masu sabon shiga sukan ci mota da arha a jiha mai nisa suna murna, sai lissafin tirela ya zo.

Abin da ya fi raba ɗan oda na gari da na banza shi ne yadda yake karanta yanayin mota, domin babu wanda zai je ya shafa ta da hannu. Yawancin motocin waɗannan gwanjo kamfanonin inshora ne suka zubar da su bayan haɗari ko ambaliya ko sata. Tambarin Run and Drive da ake gani a shafin mota yana nufin lokacin da ta iso filin ta tashi, ta shiga giya, ta ɗan matsa gaba. Bai ce komai ba game da lafiyar giyabos a kan titi, kuma ba alkawari ba ne cewa za ta tashi ranar da aka zo ɗaukarta. A duba hotunan da kyau. Bugun da ya tsaya a bamba da fenda da fitila da bonet gyaransa mai sauƙi ne, kayan suna nan a kasuwa, mai bugun jiki da mai fenti za su gama cikin kwanaki. Idan tayar gaba ɗaya ta karkace ciki, ko tazarar da ke tsakanin ƙofa da fenda ta bambanta da ta ɗaya gefen, bugun ya taɓa ƙashin mota. Irin wannan ko an ja ta an miƙe, za ta riƙa cin taya gefe guda tana jan sitiyari. Idan iyabag ya fashe, ba buhun kaɗai za a saya ba, har da bel ɗin kujera da suka ƙulle da kwamfutar da ke sarrafa su, wani lokaci da dashbod ɗin gaba ɗaya. Da yawa ba sa gyarawa, sai su liƙe murfin sitiyari su kashe fitilar gargaɗi.

Motar da ambaliya ta ci ita ce mugun ƙulli, don a hoto ta fi kowace kyau: babu lotsawa ko ɗaya. Bayan guguwar Harvey a Texas a 2017 da ta Ian a Florida a 2022, filayen gwanjo sun cika da irinsu. Ruwa, balle na gishiri, yana shiga cikin soket-soket na waya da kwamfutocin da ke ƙarƙashin kujera, tsatsa ta riƙa ci a hankali. Motar za ta yi wata biyu lafiya lau, sannan gilashi ya ƙi sauka yau, gobe giya ta ƙi canzawa, jibi ta mutu a tsakiyar titi, mai wayarin yana ta lalube. Motocin jihohin sanyi irin su Michigan da Ohio da New York kuma gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ke cin ƙasansu, ga shi hotunan gwanjo ba kasafai suke nuna ƙasan mota ba. Lambar VIN mai harufa da lambobi 17 ita ce makaminka. Da ita ake ciro rahoton Carfax ko AutoCheck a ga tarihin haɗari da jihohin da motar ta zauna da tafiyar da ta yi. A tuna da mil ake ƙirgawa a can, mil 120,000 ya haura kilomita 190,000. Ɗan odar da ya hana ka VIN kafin gwanjo, ka kama gabanka.

Takardar mallaka ma abin dubawa ce. Kwastam na Amurka suna son a gabatar da ainihin takardar awa 72 kafin lodi. Motar da aka sayar a matsayin ta kayan gyara kawai, ko wadda takardarta ba ta fito ba tukuna, tana iya yin makonni a bakin ruwa tana cin kuɗin ajiya.

Jirgi iri biyu ne. Akwai RoRo, wanda ake tuƙa mota a shiga da ita cikinsa a ɗaure, kamar na kamfanin Grimaldi da ke sauke kaya a tashar PTML cikin Tin Can. Shi ya fi sauƙin kuɗi ga mota ɗaya, ƙaramar mota ta daɗe tana cin sama da dala 1,000, jif kuma ya fi haka tunda da girma ake auna kuɗin. Sharaɗinsa motar ta kasance tana tafiya da ƙafarta, in ba haka ba a caje ka kuɗin ja, kuma ba a yarda a cusa kaya a ciki ba. Aibinsa shi ne motar a buɗe take, makulli a jiki, tana ratsa hannaye da yawa, shi ya sa ƙananan abubuwa kan yi ƙafa: makullin sifeya, jak, tabarmar ƙasa, wani lokaci har indomin salansa, wato abin tace hayaƙin da ke cikinta. Kwantena mai ƙafa 40 tana ɗaukar mota 3 ko 4, ta fi tsaro, kuma ita ta dace da motar da ba ta tashi, ana ma iya haɗo mata bamba da fitilunta. Sai dai dole a jira ta cika, kuma idan takardun mota ɗaya suka sami matsala duk sauran sun maƙale tare da ita. Tafiyar ruwa makonni 3 zuwa 6 ce. Daga ranar gwanjo zuwa ranar da za ka riƙe makulli, ka sa wata 2 zuwa 3 a ranka, duk wanda ya ce maka sati huɗu talla yake yi.

Kuɗin fito shi ne babban dutsen, kuma nan ne 'yan oda suka fi yin ƙumbiya-ƙumbiya. Abu na farko da ya kamata a gane: Kwastam ba ruwansu da nawa ka ci motar a gwanjo. Tun 2022 da aka shigo da tsarin kimanta mota da VIN, kwamfuta ce ke fitar da darajarta bisa samfuri da shekara. Ka ci ta da arha don ta bugu, amma za ka biya fito kusan daidai da wanda ya shigo da lafiyayya. A tsarin da aka kafa a shekarar, an ɗora wa tsohuwar mota fito kashi 20 cikin 100, da harajin hukumar motoci ta ƙasa (NAC) kashi 15, da ƙarin kashi 7 na kuɗin fiton, da kashi 1 na darajarta kafin jirgi, da rabin kashi ɗaya na ECOWAS, sannan a tara duka har da darajar motar a ɗora VAT kashi 7.5.

A ɗauka misali Kwastam sun kimanta mota dala 8,500, jirgi da inshora dala 1,500, jimla 10,000. Fito 2,000, NAC 1,500, ƙarin kashi 7 ya ba da 140, kashi 1 ɗin ya ba da 85, na ECOWAS 50. VAT a kan 13,775 ya kama kusan 1,033. Gaba ɗaya dala 4,808, wato sama da rabin darajar motar. Ana biya da naira a kan canjin da Kwastam ke amfani da shi a ranar. Lokacin da dala take naira 460 a hukumance, kafin a saki naira a watan Yunin 2023, wannan lissafi bai wuce naira miliyan 2.2 ba. A canjin 1,500 ya zama miliyan 7.2, mota ɗaya, kaso ɗaya. Wannan ne ya kashe kasuwar tokumbo fiye da komai. Kason kansa ma ba ya zama wuri ɗaya: a 2025 an kawo sabon caji na kashi 4, aka dakatar, aka dawo da shi, aka sake dakatarwa. Don haka kuɗin fiton da aka faɗa maka ranar gwanjo ƙiyasi ne, na gaskiya sai ranar da aka buga takardar kimantawa. Dokar shigo da kaya ta kuma hana motar da ta haura shekara 12 da ƙerawa, kuma ba a yi wa mai sitiyari a dama rajista, abin da ya fitar da yawancin motocin Ingila da Japan daga lissafi.

Bayan Kwastam akwai kuɗin kamfanin jirgi, da na tasha, da rajistar motoci ta ƙasa (VREG), da ladan ejan mai fito. Kwanakin ajiya kyauta a tasha kaɗan ne, bayansu kuɗin yana hawa mataki-mataki, mako na uku ya fi na farko zafi. Abin da ya fi jawo wannan asara ba Kwastam ba ne, rashin shiri ne: jirgi ya iso, kuɗin fito ba su haɗu ba, ko ba a gama biyan mai jirgi a Amurka ba balle ya saki takardar lodi.

Idan ejan ya kawo maka farashin da ya yi ƙasa sosai da na kowa, ba gwaninta ba ce. Ko dai ya rage shekarar motar a takarda, ko ya shigar da ita da wani samfuri mai arha. Za ta fita daga tasha, amma jami'an Kwastam na sintiri suna kan hanyar Legas zuwa Arewa, suna buga lambar takarda su ga abin da aka biya. In ya gaza, ko a rubuta maka cikon kuɗi da tara, ko motar ta kwana a hannunsu, ejan kuwa ya kashe waya. Haka zancen Kwatano yake. Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, saboda haka motar da ta biyo ta can da sunan sauƙi, takardunta abin tuhuma ne ko da an yi shekaru ana hawanta.

Daga Legas zuwa Kano tafiya ce ta kusan kilomita 1,000. Tirelar ɗaukar motoci ta fi direba tsada, amma motar da ta yi watanni a tsaye, da tsohon mai a injinta da tayoyin da ba a san shekarunsu ba, bai kamata a fara gwada ta a wannan hanya ba. Tana isowa a juye baƙin mai, a duba ruwan lagireto da burki da batir. Man giya kuma a sa wanda kamfani ya rubuta. Corolla daga 2014 yawancinsu wani nau'in giyar otomatik mai suna CVT gare su, idan makanike ya zuba musu man giya na gama-gari, giyabos ɗin ba zai daɗe ba. Kuɗin lamba da inshora su ne mafi sauƙi a duk tafiyar.

To wa hidimar ta dace da shi? Kuɗin tirela da jirgi da tasha da ejan kusan ɗaya ne ko motar ta dala 3,000 ce ko ta 15,000. A ƙaramar tsohuwar mota waɗannan sun rinjayi kuɗin motar kanta, ribar da za ta rage ba ta kai wahalar jiran wata uku da sayen abin da ba ka gani ba. Mai neman irin wannan gara ya je Berger a Legas ko wajen dillalan garinsu da makanikensa da na'urar sikanin, ya duba takardun Kwastam, ya biya ya tafi. Oda tana biyan kanta ne a mota mai ɗan daraja, 'yar shekaru kaɗan, mai bugu a fata kawai, inda ragin gwanjo ya kai dubban daloli, ga kuma tarihinta a hannunka tun kafin wani ya taɓa mitarta.

Wanda ya yanke shawarar yin odar, kada ya yarda da farashin dunƙule. A raba biyan gida uku: kuɗin gwanjo bayan ka ga rasit ɗin kamfanin ɗauke da VIN ɗin motarka, kuɗin jirgi bayan ka ga takardar lodi da sunanka a matsayin mai karɓa, kuɗin fito bayan ka ga takardar kimantawa ta Kwastam, sannan a ba ka shaidar biya ta banki da takardar fita daga tasha. Ladan ɗan oda ya zama a fili, layinsa daban. A kuma rubuta tun farko wanda zai ɗauki ƙarin idan canji ya tashi motar tana kan ruwa, da wanda zai biya kuɗin ajiya idan jinkirin daga wajen ejan ya fito.