Shafin sa hannun koke na Tarayyar Turai: shekara guda na yi ina aiki da shi, ga abin da na gani

Tun da na sa hoton teburinmu a status mutane ke ta tambaya ta wai wane irin sa hannu ne muke tarawa a bakin masallaci, kuma shafin nan na gaske ne ko irin na 'yan damfara ne da za su kwashe maka bayanai. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Ni dai a Hamburg nake zaune, na daɗe, har Allah ya sa na samu fasfo ɗin Jamus, kuma daga bazarar 2023 zuwa ta 2024 na shiga cikin masu tara hannu a kan wani koke da aka faro daga Italiya, wanda ke neman a daina azabtar da baƙin haure da wulaƙanta su a kan iyakokin Turai, dogaro da sashe na 4 na kundin haƙƙoƙin Tarayyar. Duk wanda ya san hanyar Agadas zuwa Libiya zuwa teku ba sai an yi masa dogon bayani ba kan abin da ya sa na shiga.

Shafin na gaske ne, na Hukumar Tarayyar Turai ne da ke Brussels, kuma kyauta ne, ba a karɓar ko sisi daga mai sa hannu ko daga masu shirya koken. Tsarin ya samo asali ne daga yarjejeniyar Lisbon, aka fara aiki da shi a watan Afrilun 2012. Mutum bakwai da ke zaune a ƙasashe bakwai daban-daban na Tarayyar su ke haɗuwa su yi rajistar koke, in an amince sai a ba su wata 12 su tara hannu miliyan ɗaya, kuma ba wai ka tara miliyan ɗin a ƙasa guda ka ce ka gama ba, dole aƙalla ƙasashe bakwai kowacce ta cika nata kason. A lokacin da muka yi namu kason Jamus 67,680 ne, na Malta kuwa 4,230 kacal, don da yawan kujerun ƙasa a Majalisar Turai ake lissafawa.

Wajen sauƙin aiki kam gaskiya sai dai in ce madalla. Muna da lambar QR a jikin kwali, mutum ya ɗora wayarsa a kai shafin ya buɗe, ya zaɓi ƙasar da yake riƙe da fasfonta, ya cike, ko minti uku ba a yi. Yana nan cikin harsuna 24 na Tarayyar, saboda haka wanda ya zauna Italiya shekara goma kafin ya dawo nan sai ya juya shi zuwa Italiyanci ya karanta abinsa, 'yan'uwanmu na Nijar kuma su koma Faransanci. Ba talla, ba wanda zai dame ka da saƙon ka turo kuɗi bayan ka gama, wanda duk mai amfani da shafukan koke na 'yan kasuwa ya san wannan ciwon kan. Abin da ya fi burge ni shi ne allon da ke nuna ƙasa-ƙasa inda aka kai, da daddare in na dawo daga aiki nakan buɗe in ga ko Jamus ta motsa, wani lokaci ka ga an ƙaru da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba amma dai ka san naka na ciki.

Sai dai fom ɗin ba iri ɗaya ba ne ga kowa, kuma nan ne mutanenmu ke tsayawa. Mai fasfon Jamus suna da adireshi da ranar haihuwa kawai zai sa. Mai na Italiya ko Sifaniya ko Beljiyam sai an nemi lambar katin shaida ko ta fasfo, kuma wallahi da zarar mutum ya ga wurin lambar nan sai ka ga hannunsa ya yi sanyi. Wata Hajiya 'yar Kumasi mai fasfon Italiya ta riƙe wayar ta daɗe tana kallo sannan ta ce min, "Ɗana, wannan lambar da wahala na same ta, ba zan jefa ta inda ban sani ba." Na yi mata bayani cewa hukumomin ƙasarta ne za su duba su tabbatar mutum ɗaya bai sa sau biyu ba, ba a wallafa sunan kowa, ta ce sai ta yi shawara da ɗanta. Juma'ar da ta zagayo ta dawo da kanta ta sa, har ta jawo ƙawarta. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ga masu son takarda akwai fom na bugawa, amma a kula, kowace ƙasa da nata. Mu a makon farko ba mu gane ba, wasu masu fasfon Italiya suka sa hannu a fom ɗin Jamus, sai da muka bi su ɗaya bayan ɗaya aka sake, biyu ma ba mu ƙara ganinsu ba. Hannu yana bin fasfo ne ba inda kake kwana ba, ko a Kano kake zaune in kana da fasfon Faransa za ka iya sawa kuma Faransa za a lissafa wa.

Yanzu ga inda abin ya tsaya min a rai. Mai fasfon ɗaya daga cikin ƙasashen Tarayyar kaɗai ke sa hannu. Takardar zama ko ta dindindin ce ba ta yi, ko ka shekara ashirin kana biyan haraji. A cikin mutum goma da za su tsaya a teburinmu bayan sallar Juma'a a wajen titin Steindamm da ke Hamburg, da ƙyar ka samu biyu ko uku da suka cancanta, sauran kuwa su ne ainihin masu maganar. Akwai wani yaro da ba zan manta ba, bai fi shekara ashirin da biyar ba, ya karanta kwalin har ƙarshe a hankali yana bin layi da yatsa, ya ciro waya, na tambaye shi fasfo sai ya ciro 'yar takardar da ake ba masu jiran hukuncin mafaka. Na ce ƙanena ka yi haƙuri ba za ta yi ba. Bai yi musu ba, ya dai naɗe hannun rigarsa ya nuna min tabo tun daga gwiwar hannu har wuyan hannu ya ce, "Yaya, ni fa aka yi wa abin." Na rasa abin da zan ce masa. Ya karɓi takardun tallan ya tsaya tare da mu har la'asar yana miƙa wa Jamusawa masu wucewa, kuma ranar mun fi kowace rana samun hannu.

Na biyu, ko an cika miliyan ɗin ba doka ba ce ta fito. Abin da aka ɗora wa Hukumar shi ne ta gana da masu koken, a saurare su a Majalisar Turai, ta ba da amsa cikin wata 6, tana iya cewa ba za ta yi ba ta kawo dalili. Koken ruwan sha na 2013 ya tara sama da miliyan 1.6 kuma ya taimaka aka sabunta dokar ruwan sha a 2020, wannan ya yi daɗi. Amma masu koken hana kulle dabbobi a keji sun kawo kusan miliyan 1.4, aka yi musu alkawari a 2021 cewa kafin ƙarshen 2023 za a gabatar da ƙudiri, lokacin ya wuce shiru, sai kotu suka tafi a 2024. Namu kuwa ko kusa da miliyan bai je ba, wata 12 suka cika allon ya tsaya cak. Na ji zafi sosai, don na san ba rashin masu goyon baya ba ne, rashin masu fasfo ne a cikin masu goyon bayan da kuma rashin manyan ƙungiyoyi masu kuɗin talla a bayanmu.

In maki za a bayar, shafin kansa huɗu cikin biyar, ƙa'idar wa zai sa hannu kuwa ba ta samu ko biyu a wurina ba. Duk da haka in wani koken ya taso zan sake fita, amma wannan karon ba a bakin masallaci kaɗai zan kafa tebur ba. Zan nemi yaranmu da aka haifa a nan, tunda a Jamus daga shekara 16 ake sa hannu, su kai lambar QR ɗin makarantunsu da filin ƙwallo, sannan waɗanda suka samu fasfo bayan dokar 2024 da ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu, su ma tun yanzu na fara rubuta lambobin wayarsu a wani ɗan littafi.