Kwas ɗin intanet da na yi kan dalilan ƙaurar mutane

Jiya na gama wani kwas na sati shida a intanet kan bayanin masana game da abin da ke sa mutum ya bar gida ya koma wani wuri, kuma wallahi na ƙaru sosai duk da akwai inda raina ya ɓaci.

Malamar ta fara da Ravenstein, wanda ya duba ƙidayar Birtaniya ta 1881 ya fitar da dokokinsa a 1885, shi ne yace yawancin masu ƙaura ba sa yin nisa, daga ƙauye sai ƙaramin gari, daga nan sai babban birni. Sai Everett Lee na 1966 da zancen abin da ke koro mutum, abin da ke jawo shi, da shingayen da ke tsakani. Wannan ɓangaren da sauri na wuce shi.

Sati na uku da na huɗu su ne kwas ɗin a wurina. Na daɗe ina tambayar kaina me yasa mutane ke tururuwa birnin da ba aikin yi, ashe tun 1970 Harris da Todaro sun amsa, mutum yana lissafa albashin da yake sa ran samu ne ko da zai yi watanni yana zaman jira. Daga nan ta kawo bayanin Oded Stark cewa sau da yawa gida ne ke yanke shawarar, ta zana iyali mutum biyar a allo, huɗu a gona ɗaya a birni, ta goge gonar da hannunta tace to bana ruwa bai zo ba, wa zai riƙe gidan? Sai da na tsayar da bidiyon na yi shiru, don ni da na ɗauka duk mai tafiya gudun gida yake yi. Ta kuma nuna aikin Douglas Massey kan 'yan Mexico da ke zuwa Amurka, yadda wanda ya riga zuwa ke sama wa na baya masauki da aiki har tafiyar ta yi sauƙi, da kuma cewa talaka tilis bai cika tafiya mai nisa ba tunda tafiyar ma kuɗi take ci.

Abin da ya ɓata min rai shi ne 'yan gudun hijira, mutanen da yaƙi ya kora cikin dare ba tare da wani lissafin albashi ba, bidiyo ɗaya tal aka ba su a satin ƙarshe, gajere kuma sautin ma ba ya fita sosai. Na tura tambaya a kan hakan har sau biyu ba wanda ya kula ni.

Duk da haka in kana karatun zamantakewa ko tattalin arziki ka yi shi, amma ka tanadi data don bidiyon na da nauyi, ɓangaren gudun hijira kuma sai ka nemi ƙari a wani wurin.