Maganin maleriya mai ƙwaya shida, ra'ayina a kai

Jama'a tunda damina ta kankama a Gombe sauro ya dawo da ƙarfinsa, bari in faɗi abin da na gani game da artemether/lumefantrine ɗin nan mai ƙwaya shida, 80/480 (wato magani biyu ne a haɗe, kowace ƙwaya na da miligiram 80 na artemether da 480 na lumefantrine), irin su Coartem da ake samu a kemis. Gaskiya na yaba da shi, mu a Pantami in gwaji ya nuna maleriya ce shi muke sha, kuma zazzaɓin yakan sauka da wuri.

Yadda yake aiki ne ma ya fi burge ni wallahi. Ita ƙwayar cutar, Plasmodium falciparum da ta fi yawa a wajenmu, shiga take cikin jajayen ƙwayoyin jini ta dinga cin sinadarin da ke sa jini ja, to in ta ci sai wani abu mai ɗauke da ƙarfe ya fito, kuma wannan ƙarfen ne ke tayar da artemether ya fashe ya lalata mata jiki daga ciki, kamar ɓera ne ya taka tarko da ƙafarsa. Ƙwayar jinin da ba ta kamu ba ƙarfenta a ɗaure yake, shi ya sa maganin bai cika taɓa ta ba. Amma fa artemether 'yan awoyi yake yi ya bar jiki, lumefantrine ne ke zama kwanaki yana hana ragowar ƙwayoyin cutar kawar da gubar abin da suka ci har su mutu. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji mutum ya sha ƙwaya uku ya ajiye wai ya ji sauƙi, haba, haka fa chloroquine, maganin maleriya na da, ya daina ci har aka sauya shi a 2005.

Inda nake da ƙorafi, wasu masu kemis miƙa maka kawai suke ba bayani, alhali lumefantrine ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo, ko madara ko ƙosai ko fura da nono. Ana shan ƙwaya ta biyu bayan awa 8 da shan ta farko, sannan safe da dare kwana biyu. Yana iya sa jiri da rashin son abinci, kuɗinsa ma ya hau. Don Allah a duba lambar NAFDAC a jikin kwalin kafin a biya, masu juna biyu kuma su fara zuwa asibiti tukuna.